Ƙarfe mai tan 3,000 zai iya zuwa Arewa? Muhawara kan dakon kayan matatar mai da ɗaga su

Bazazzagi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga injiniyoyinmu da manyan direbobi. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024 nake jin mutane suna cewa da Alhaji Aliko ya ga dama da a Kano ko Kaduna ya kafa ta, tunda ɗan Kano ne. Wasu kuma sun ce ko ya so ba za ta yiwu ba, domin akwai ƙarafan da babu motar da za ta kawo su nan. Na ga hoton wata doguwar tukunyar ƙarfe kwance a kan tayoyi masu yawan gaske, mutanen da ke gefenta da ƙyar ake ganinsu. Shin da gaske nauyin kaya ne ya sa aka zaɓi Lekki da ke bakin teku a Legas? In haka ne, ina makomar matatar da aka ambata mana a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, lokacin da Buhari ya je ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Malam Bazazzagi, ni ban yarda da zancen nauyi ba. Matatar Kaduna fa? A 1980 aka buɗe ta, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina, kuma Kaduna ba ta matsa kusa da teku ba tun daga lokacin. In an iya a wancan zamani, me zai hana yanzu? Rashin niyya ne kawai, kullum sai a nemo mana dalili.

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam. Aikina ke nan, tsara yadda za a ɗaga kaya masu nauyi a wuraren gini, don haka bari in sa baki.

Abin da ka gani a hoto, Malam Bazazzagi, mai yiwuwa hasumiyar tace ɗanyen mai ce. Ita ce zuciyar matata. Ana dafa ɗanyen mai ya kai zafin digiri 350 ko sama da haka, a tura shi cikinta, tururi ya hau, kowane kashi ya tsaya a benensa: mai nauyi a ƙasa, dizal da kananzir a tsakiya, mara nauyi a sama. Ta Lekki kamfanin Sinopec ne ya ƙera a Caina, ta iso Legas ta jirgin ruwa a ƙarshen 2019. Tsawonta ya kai mita 112, faɗinta mita 14, nauyinta kimanin tan 2,250. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauke da shi, ka ga wannan ƙarfe guda ɗaya ya yi daidai da lodin tirela 75.

Kuma ba ita ce ta fi nauyi ba. Akwai wata tukunyar a sashen da ake fasa mai mai kauri ya koma fetur, wadda a cikinta ake ƙone dauɗar da ke manne wa sinadarin fasawa a zafin da ya kai digiri 700. Wannan tan 3,000 ce. Kamfanin Mammoet na ƙasar Holan, wanda ya yi dakon, ya ce ba a taɓa ɗaukar abu mai nauyinta a kan titin jama'a a Afirka ba. To nisan da aka yi da ita daga bakin ruwa zuwa mazauninta kimanin kilomita 10 ne kacal. Ku riƙe wannan lissafi, domin daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000.

Bazazzagi:
Ikon Allah. To Injiniya, wace irin mota ce ta ja ta? Ban ga kan mota a hoton ba.

Baban Khalil:
Ba ta da kai, ba ta da sitiyari. Ana kiranta SPMT. Faffaɗan dandamali ne na ƙarfe a kan tayoyi, yana zuwa gida-gida, wani mai layin taya 4, wani mai 6, sai a haɗa su gaba da baya da gefe da gefe gwargwadon girman kaya. Akwai injin dizal a maƙale a ƙarshe wanda ke tura man haidrolik, shi ke juya tayoyin, shi ke ɗaga dandamalin ko ya sauke shi. Mai tuƙi yana tafe a ƙasa da rimot rataye a wuyansa. Kowane layin taya yana juyawa da kansa, saboda haka abin yana iya tafiya a karkace, ko ya juya a inda yake tsaye.

Kowane layi yana ɗaukar tan 30 zuwa 40 da ɗoriya, ya danganta da ƙirar. In ka yi lissafi da tan 30, kayan tan 3,000 yana neman layi 100, kowane layi taya 4, taya 400 ke nan. Gudunsa kuwa tafiyar ƙafa ce, wani wurin ma bai kai ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake raba nauyin. Ana haɗa bututun haidrolik na tayoyin su zama rukuni uku ko huɗu. In taya ta faɗa rami, man ya tura ta ƙasa ta ci gaba da ɗaukar rabonta. In ta hau tudu, ta shige sama. Mutum guda aikinsa kawai kallon agogon matsin man kowane rukuni. Da zarar wani rukuni ya fara ɗaukar fiye da 'yan uwansa, an san kaya ya fara karkata, sai a tsaya. Irin waɗannan kaya tsakiyar nauyinsu tana can sama, karkatar da ido bai gani ba ta isa ta kifar da su.

Tsohon Direban Lobed:
Salamu alaikum. Ɗana Baban Khalil, Allah ya ƙara sani. Ni ban taɓa tuƙa wannan mai rimot ba, amma na tsufa a kan lobed, tirelar nan mai ƙasa-ƙasan baya ta ɗaukar manyan injina, tsakanin Legas da Arewa, ina ɗaukar katafila da taransifoma da injinan masana'antu. Ina so in gaya wa Abu Sumayya abin da hanya take yi wa mai kaya.

Kayan tan 60 ko 70 ma, kafin ka tashi daga Apapa sai an aika mutum ya bi hanyar da tef yana awo. Gadar sama nawa za ka shige ƙarƙashinta, tsayinta nawa? Wayoyin wuta da suka ratsa titi fa? Yaran mota suna bisa kaya da dogon katako suna ɗaga waya, wani garin sai an je an roƙi a ɗauke wuta. Shataletale kuwa, in tirelarka doguwa ce, sai dai a tare hanya ka bi hannun da ba naka ba. Ga hawa, ga gangara, birki ya yi zafi ka tsaya ka sa weji ka jira ya huce. Da daddare ba a tafiya, da ruwan sama ba a tafiya.

Akwai shekarar da muka ɗauko wa wani kamfani inji, suka ce mana nauyinsa kaza, ashe sun rage a takarda don kada kuɗin dako ya hau. Mun zo wani ƙaramin kwalbati a bayan wani gari, kan mota ya wuce, tayoyin baya suna hawa sai kwalbatin ya zauna. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma hanyar ta toshe kwana da kwanaki, masu tumatir da masu shanu duk suka yi asara a bayanmu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don ƙaryar mutum ɗaya a ofis ce ta jawo. Wannan fa kayan da bai kai tan 100 ba. Yanzu a ce min faɗin mita 14? Titin Mokwa zuwa Jebba gaba ɗayansa bai kai wannan faɗi ba.

Abu Sumayya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa abin da ka gani da idonka ba. Amma abin da ka faɗa hujjata ce. Wa ya bar titin Mokwa a haka? Kuma ba mu kaɗai ke nesa da teku ba. Matatar Panipat a Indiya tana arewacin Delhi, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Gujarat, kuma tana tace tan miliyan 15 a shekara. Su ta sama kayansu suka sauko?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Fannina gadoji ne da tituna, bari in ɗora a kan maganar Baba.

Malam Abu Sumayya, ko da an shimfiɗa sabuwar kwalta tun daga Legas har Kano, gada ce za ta tsayar da kai. Titi yana kwance a kan ƙasa, in ka yawaita tayoyi ka raba nauyin, ƙasa za ta ɗauka. Gada kuwa rataye take tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. In tazarar mita 30 ce ko 40, duk abin da ya hau wannan tazara a lokaci guda a kan bim ɗinta yake, wato dogayen sandunan da ke riƙe da ita, ko tayoyinka 400 ne ko 4,000. Ƙa'idar ECOWAS ta nauyin layin taya ɗaya tan 11.5 ce, kuma da irin wannan zirga-zirga a rai ake zana yawancin gadojinmu, da ɗan rarar da ake bari don kayan da suka fita daban. Babu wanda ya zana gadar Jebba ko ta Murtala Muhammad da ke kusa da Lokoja da tunanin tan 2,000 a dunƙule. Kuma duk wanda zai zo Arewa daga Legas ko Fatakwal dole ya haye Neja ko Binuwai.

Ku tuna gadar Tatabu ta hanyar Mokwa zuwa Jebba da ta karye a daminar 2017, yadda manyan motoci suka yi cirko-cirko aka koma zagaye. Wannan ruwa ne ya ci ta, ba ma kaya ba.

A ƙananan rafuka akwai dabara: a yi hanyar wucin gadi ta gefen gada da rani, a zuba bututu a cike da ƙasa a daddanne, ko a ɗora doguwar gadar ƙarfe a bisa tsohuwar yadda nauyi ba zai taɓa ta ba. Ana yin haka a ƙasashe da dama. Amma a kogi kamar Neja sai dai a sauke kaya a jirgin dako mai shimfiɗaɗɗen baya a tsallaka da shi, wato sai an gina matsaya mai ƙarfi a wannan gaɓa da waccan. Jirgin ƙasa kuma a cire shi a lissafi, faɗin abin da yake ɗauka bai wuce mita 3 da 'yan kai ba, ko tsohon layi ne ko sabo.

Ɗan Damagaram:
Salama alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan muna da misali a gida. Matatar Soraz tana arewacin Damagaram a kan hanyar Tanut, an buɗe ta a Nuwamban 2011, 'yan Caina na CNPC ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Daga tashar Kwatano, inda kayan Nijar suka saba sauka, a biyo Malanbil da Gaya da Doso da Maraɗi har nan, ya fi kilomita 1,500. Ga ta kuma tana aiki, ɗanyen mai yana zuwa mata ta bututu daga Agadem. To amma ganga 20,000 take tacewa a rana. Ta Jarmaya a Cadi ma, wadda aka buɗe a shekarar, ganga 20,000 ce. Ta Dangote 650,000. Ina ganin kowa a cikinku yana da gaskiya ta wani gefe: ana gina matata nesa da teku, sai dai ana yanka ta daidai da abin da kamyo, wato babbar mota, zai iya kawowa.

Wani abu kuma da ba ku da shi mu muna da shi: iyaka. Tun 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kaya sai sun zagaya ta Lome da Burkina. Mai shirin kawo babban inji nan sai ya lissafa siyasa kafin ya lissafa taya.

Baban Khalil:
Malam na Damagaram ya taɓo inda maganar take. Abu Sumayya, Kaduna ganga 110,000 ce, wajen kashi ɗaya cikin shida na Lekki. Faɗin hasumiya yana bin yawan tururin da zai ratsa ta. Dangote ya zaɓi ya tace ganga 650,000 a layi guda, hasumiya ɗaya, shi ya sa ta kumbura ta kai haka. Wanda yake nesa da ruwa yakan raba aikin gida biyu ko uku da ƙananan hasumiyoyi, ko ya kawo ƙarfen gunduwa-gunduwa a yi walda a wurin.

Sai dai waldar wuri ba wasa ba ce. Tukunyar da za ta riƙe zafi da matsi shekara da shekaru, kaurin bangonta a wasu sassan ya fi faɗin tafin hannu. A masana'anta ana juya ta a kan nadi, inji yana walda a inuwa, a ɗauki hoton kowane ɗinki a duba ko akwai tsaga, a gasa ƙarfen a tanda don ya saki, a cika ta da ruwa a gwada matsi. In ka ce a fili za ka yi, duk wannan sai ka kawo shi filin, ga ƙura, ga iska, ga mai walda a rataye a sama. Yana yiwuwa, ana yi, amma lokaci yana ƙaruwa, kuɗi yana ƙaruwa, wurin kuskure yana ƙaruwa. Akwai kuma tukwanen da masu ƙira ba sa yarda a yanka su sam.

Kuma kada a ɗauka Lekki ta zo da sauƙi. Fadama ce. Sai da aka zuƙo yashi kimanin kubik mita miliyan 65 daga teku aka cike ta, aka kafa turaku dubbai a ƙasa. Apapa da Tin Can ba za su iya karɓar irin waɗannan kaya ba, ko sun karɓa ba za su fita ta cikin Legas ba, sai da kamfanin ya gina matsayar jirginsa, ya yi hanyar da za ta ɗauki nauyin. Tashar Lekki mai zurfi ba a buɗe ta ba sai Janairun 2023, lokacin manyan kayan sun riga sun shiga.

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya Baban Khalil, don Allah a ci gaba, an kawo ta a kwance. Yaya aka yi ta miƙe tsaye?

Baban Khalil:
Ƙanwata, wannan ita ce ranar da ba a barci. A Lekki an yi amfani da kiren, wato injin ɗaga kaya, na Mammoet mai suna PTC 200 DS, wanda ake lissafawa a ajin tan 5,000. Ba ya tafiya a kan taya ko sarƙa. A cikin kwantenoni yake zuwa, a yi makonni ana harhaɗa shi da wasu kiren, yana zaune a kan wani zoben ƙarfe mai faɗi yana kewayawa, a bayansa an jibge nauyin dubban tan don ya riƙe shi.

Hasumiyar tana da kunnuwa biyu na ƙarfe kusa da kanta, nan babban kiren yake kamawa. Gindinta kuma wani kiren ne ko wani firam a kan SPMT yake riƙewa. Babban yana ɗaga kai, na gindi yana matsowa a hankali, har ta tashi daga kwance ta koma tsaye. A farko sun raba nauyin, amma tana miƙewa nauyin yana komawa kan babban, a ƙarshe shi kaɗai ke ɗauke da ita. Dole igiyoyin su kasance a saitin tsaye koyaushe. In na gindi ya yi jinkiri ko ya yi gaggawa, ya ja hannun babban kiren ta gefe, kuma hannun kiren ba a yi shi don jan gefe ba. Daga nan a juya da ita a sauke a kan kusoshin da aka dasa a kankare, ramukan gindinta su shiga daidai, kuskuren da aka yarda da shi 'yan milimita ne.

Mutane suna jin tan 5,000 su ɗauka ko'ina zai ɗaga tan 5,000. A'a. Wannan a kusa da jikinsa ne. Kana miƙa hannun nesa, ƙarfin yana zubewa. Kowane kiren yana da jadawalinsa, kuma nauyin ƙugiya da igiya da shakul (ƙarfen da ke haɗa igiya da kaya) duk a cikin lissafi suke. A wurare da yawa in kaya ya wuce kashi 75 cikin 100 na abin da jadawali ya ba ka, ko kiren biyu za su haɗu a kan kaya ɗaya, ba a taɓawa sai da rubutaccen tsari da sa hannun manya.

Ga wani lissafi da nake so duk matashin da ke ɗaurin kaya ya haddace. Kayan tan 10 a kan igiya biyu: in igiyoyin a tsaye suke, kowace tan 5. In sun buɗe suka yi kusurwar digiri 60 da ƙasa, kowace ta koma kusan tan 5.8. In suka kwanta zuwa digiri 30, kowace tana ɗauke da tan 10 cif. Kaya bai ƙaru ba, igiya ce ta ninka wahala. Yara da yawa sun rasa ƙafa a kan wannan.

Tsohon Direban Lobed:
Gaskiya ne ɗana. Ka ƙara musu da maganar iska. Mu da muka ga abin da ya faru a Harami ba ma mantawa.

Baban Khalil:
Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar Juma'a 11 ga Satumban 2015 ce, guguwa ta taso, wani babban kiren na gini ya faɗo cikin Masallacin Harami, sama da mutum 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya. Kiren ɗin ba kaya yake ɗagawa ba. An bar hannunsa a miƙe ne alhali ƙa'ida ta ce a kwantar. A Amurka ma, a Milwaukee a Yulin 1999, wani babban kiren ya karye yana ɗauke da ɓangaren rufin filin wasa cikin iska, ma'aikata 3 suka mutu. A Yulin 2008 wani ya faɗi a wata matatar mai a Houston, 4 suka mutu. Waɗannan ƙasashe ne masu kayan aiki da dokoki.

Shi ya sa ake sa ma'aunin iska a ƙolin hannu, kuma yawancin manyan ɗagawa da sassafe ake yi kafin iskar teku ta tashi. In ta kai wajen mita 10 a daƙiƙa, galibi an haƙura. Abu mai tsawon mita 112 da faɗin 14, ko iska kaɗan ce ta sami wurin turawa. Sai ƙasa: yawancin kiren da na ga sun ba da matsala, ba ƙarfe ne ya gaza ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta nutse ta gefe ɗaya, ko an kafa ƙafa a kan tsohon rami ko bututun da ba a sani ba. Mutum ɗaya ne ke ba mai kiren umarni, amma kowa a wurin, har mai share fili, yana da ikon cewa a tsaya. Na taɓa aiki a wani wuri da manaja ya matsa a ɗaga don baƙi suna zuwa kallo, mai kiren ya kashe inji ya sauko ya ce sai iska ta kwanta. An yi masa barazanar kora. Ina ganin girman mutumin nan har gobe.

Abu Sumayya:
Amin. Injiniya, na karɓi bayanin hasumiya, na kuma yarda irin ta Lekki ba za ta bi titi ta zo Kano ba. Amma ban sauka daga maganata ba. Ruwa fa? A 2009 gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe Neja daga Warri zuwa Baro da ke jihar Neja, kilomita 572. A Janairun 2019 Buhari ya buɗe tashar Baro. Ina jiragen? Iyayenmu sun ba mu labarin jiragen kamfanonin Turawa suna hawa Binuwai da damina har Yola da Garwa suna kwasar gyaɗa da auduga. Abin da aka yi kafin 'yancin kai shi ne ya gagare mu? Dangote ya gina matsayarsa da hanyarsa da kuɗinsa don ya ga riba. Mu wa zai gina mana tamu?

Maman Ilham:
A nan ina tare da kai, Malam. Ruwa ne kaɗai hanyar da babban kaya zai kusanci Arewa a dunƙule. Jirgin dako mai shimfiɗaɗɗen baya yana ɗaukar ɗaruruwan tan a ruwan da bai fi mita 2 zuwa 3 ba. Amma yashe kogi ba aikin yi sau ɗaya ba ne, kowace damina yashi yana dawowa, in ba a bi ana kwashewa ba an koma gidan jiya. Binuwai kuma 'yan watanni ne take da ruwan jirgi, wajen Agusta zuwa Oktoba. Wanda kayansa ya makara da mako uku sai ya jira baɗi. Sannan tsayin gadojin da za a shige ƙarƙashinsu: lokacin da ruwa ya cika ya isa jirgi, lokacin ne kuma sararin ƙarƙashin gada ya ragu. Baro ita ma, ko kaya ya sauka, ina titin da zai fitar da shi?

Game da Kolmani, ni abin da zan so in gani kafin kowane biki shi ne rahoton binciken hanya: daga wace tasha, ta wace gada, abu mafi nauyi tan nawa, mafi faɗi mita nawa. Daga wannan rahoto ake zana matata, ba a zana matata sannan a nemi hanya ba.

Bazazzagi:
To ashe ƙananan matatu irin na Waltersmith a Imo, wadda aka buɗe a 2020 da ganga 5,000 a rana, su ne daidai da mu?

Baban Khalil:
Don dizal da kananzir, e, suna zuwa a harhaɗe a kan firam, lobed irin ta Baba ta isa. Amma irinsu ba sa ba da fetur mai yawa, balle sinadarin roba. In ana son roba da takin zamani, manyan tukwane ba makawa. Ni na fi sa rai da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614. In gas ya iso, masana'antar taki matsakaiciya za ta iya zama a Kaduna ko Kano, a zana ta tun farko yadda babu gunduwar da za ta fi ƙarfin hanya.

Abu Sumayya:
Matsakaiciya kuma. Kullum mu ne matsakaita. Manoman da suka fi kowa shan taki suna nan, masana'antar yuriya mai tan miliyan 3 tana Lekki, ta kamfanin Indorama tana Eleme kusa da Fatakwal, mu kuma muna biyan kuɗin tirela a kan kowane buhu. Ban ce Injiniya ya yi ƙarya ba, amma ba zan daina tambayar Baro ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya, tambaya ta ƙarshe. Ƙanena ya gama sakandare, yana son wannan aiki. Ta ina zai fara?

Baban Khalil:
Ya fara daga ƙasa, wajen ɗaurin kaya. Ya koyi karanta tambarin da ke jikin igiya da shakul, ya san wadda ta lalace, ya iya alamun hannu, ya iya lissafin kusurwar da na kawo a sama ba tare da waya ba. Cibiyar horar da ma'aikatan man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta wuri ne mai kyau, akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu a Fatakwal da Legas da ke ba da takardar ɗaurin kaya da tuƙin kiren. Ya tabbatar kamfanoni suna karɓar takardarsu kafin ya biya ko sisi. Dokar 2010 ta ba 'yan ƙasa fifiko a ayyukan mai da gas, sai dai ba a ba mutum rimot don dokar kawai, sai an ga hannunsa. Yaranmu na Arewa suna da yawa a wuraren nan a matsayin lebura da masu gadi, kaɗan ne a kan inji, kuma yawanci lissafi da Turancin karanta jadawali ne ke tsayar da su. Ya riƙe waɗannan biyun da kyau.

Tsohon Direban Lobed:
'Yata, in ya samu hutu ki turo shi garejinmu ya ga yadda ake ɗaure katafila a kan lobed, sarƙa nawa, ta wane gefe, da yadda ake sake duba ta bayan an ɗan yi tafiya. Ki yi min magana ta akwatin sirri in ba ki kwatance.